Amsa: Shiga jaridar ɗalibai ɓata lokaci ne?

Ɗan'uwa, ka ce tunda ana koyar da aikin jarida a aji, me zai sa ka wahala da jaridar ɗalibai? Don Allah ka shiga. A aji za a koya maka ƙa'ida, amma sai edita ya dawo maka da rubutunka jawur da biro, ya ce ka kuskure sunan mutum, ka koma ka tabbatar, sannan aikin zai zauna maka. Makarantar aikin jarida ta Jami'ar Missouri a Amurka, tun buɗe ta a 1908 ɗalibanta ke fitar da jarida. Sai dai idan hukumar makaranta ce ke biyan kuɗin bugawa, ku sa a rubuta iyakar ikonta tun kafin rigima ta taso.