Yadda ƙwayoyin baifola na ido ke amsa haske

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin lafiyar ido. An koya mana cewa idan haske ya faɗa kan ƙwayoyin da ke kama shi a ratina, wato shimfiɗar da ke can bayan ido, rage sinadarin da suke fitarwa suke yi, ba ƙarawa ba. To ta yaya raguwa za ta zama saƙon cewa haske ya zo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da aka koya muku daidai ne, kuma amsar tana wurin ƙwayoyin baifola, waɗanda ke tsakanin masu kama haske da ƙwayoyin gangiliyon masu kai saƙo ƙwaƙwalwa.

A cikin duhu, sanduna da kon, wato iri biyu na ƙwayoyin da ke kama haske, ba hutawa suke yi ba. Ƙofofin da sinadarin cGMP ke riƙewa a buɗe suna barin sodiyam na shiga, lantarkin ƙwayar yana zaune wajen milibolt -40, tana ta tsiyayar da gulutamet, sinadarin da kika yi tambaya a kai, kamar famfon da aka bari a buɗe. Da haske ya taɓa rodofsin, sinadarin da ke kama haske a cikin sanduna, sai cGMP ya ragu, ƙofofin su rufe, lantarkin ƙwayar ya sauka zuwa wajen -60 ko ƙasa, tsiyayar ta yi rauni.

Baifola iri biyu ne ke sauraron wannan gulutamet ɗin, kuma bambancinsu duka yana wurin makarɓin da ke kan rassansu, wato furotin ɗin da gulutamet ke hawa. Irin da littattafai ke kira OFF yana da makarɓan AMPA da kayinet, waɗanda su kansu ƙofofi ne: gulutamet ya zo su buɗe, ƙwayar ta motsa. Don haka duhu ne ke tayar da shi, haske ya kwantar da shi. Shi kuwa irin ON makarɓinsa mGluR6 ne, ba ƙofa ba ne. Idan gulutamet ya hau kansa, yakan tura furotin G ya rufe wata ƙofa mai suna TRPM1. Haske ya zo, gulutamet ya ragu, sai TRPM1 ta buɗe, ayon masu cajin fositif su kwarara ciki, ƙwayar ta tashi. A nan ne raguwar ta juye ta zama saƙon haske, kuma a ganina wanda bai riƙe wannan juyin ba, sauran darasin ratina zai yi ta ruɗa shi.

Ki lura kuma, yawancin baifola ba sa harba saƙo irin na jijiyoyi masu tsawo. Lantarkinsu hawa da sauka yake yi gwargwadon ƙarfin hasken, domin tazarar da za su kai saƙon gajera ce. Werblin da Dowling ne suka nuna irin wannan amsa a 1969, a idon wata dabbar ruwa dangin salamanda. Ƙwayoyin horizontal su ne ke sa hasken da ya faɗa a gefen yankin da baifola ke kula da shi ya haifar da akasin amsar tsakiyar yankin, abin da ke taimaka wa ido fitar da gefen abu.

Sanduna na da nasu baifola, dukkansu ON ne, kuma ba kai tsaye suke zuwa gangiliyon ba. Sukan bi ta ƙwayar amakirin AII, ita ce ke raba saƙon ga hanyar ON da ta OFF na kon.

Shi ya sa idan hanyar ON ta lalace, ganin dare ne ke fara shan wahala. Akwai dundumin da ake haihuwar yaro da shi, wanda ba ya ƙaruwa da shekaru, sanadinsa tangarɗa a ƙwayoyin gado irin su GRM6, TRPM1 ko NYX. A gwajin ERG, wanda ke auna amsar lantarkin ratina ga haske, za ki ga igiyar a, wadda ta fito daga masu kama haske, tana nan lafiya, amma igiyar b, wadda yawancinta aikin baifola na ON ne, ta ƙanƙance har ta gaza ta a. Wannan ya bambanta da dundumin ƙarancin bitamin A da muka fi sani, domin na ƙarancin bitamin matsalarsa a rodofsin take, igiyoyin biyu ne ke raguwa tare, kuma yana warkewa idan aka ba da bitamin. Na gadon kuwa bitamin ba ya gyara shi. Idan babban mutum mai cutar daji ta fata, melanoma, ya fara kukan dundumi kwatsam da ganin walƙiya, a yi masa ERG, domin garkuwar jiki na iya kai wa TRPM1 hari ta bar irin wannan alama ta ƙanƙancewar igiyar b.