Shin in tilasta wa 'yan gasar gem su yi wasa da sunansu na yanka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon wasan gem a Mabera, cikin garin Sakkwato, kuma yau kusan shekara biyu ke nan ina shirya wa matasa gasar eFootball da PUBG Mobile ta waya, kowa yana bugawa daga gidansu. Mun haura mutum ɗari biyu, akwai ɗaliban jami'a, akwai yara 'yan sakandare, har da 'yan mata kaɗan. Abin da ya ishe ni shi ne zage-zage da maguɗi, domin mutum yakan fake da wani baƙon suna ya zagi iyayen abokin karawarsa, idan na kore shi kuma ya dawo da sabon suna. Na yanke shawarar kowa ya turo mini hoton katinsa na ɗan ƙasa, sannan ya sa cikakken sunansa a cikin wasan yadda kowa zai gani. Wani abokina ya ce in dakata in yi tambaya tukuna. Akwai wata illa a cikin haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abokin nan naka ya yi maka gata, domin shawarar da ka yanke ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su tun daga farko. Na ɗaya shi ne kai mai shirya gasa ka san ko su wane ne 'yan wasanka, kuma wannan yana da hujja idan aka bi shi da hankali. Na biyu shi ne duk wanda ya haɗu da su a cikin wasa ya san ko su wane ne, kuma wannan ba na ba ka shawarar ka yi shi ko kaɗan, don kuwa wanda zai fi cutuwa da shi ba mai zagin ba ne, wanda ake zagi ne.

Ka fara duba yadda sunayenmu suke. Cikakken sunan mutumin Sakkwato ya kan ƙunshi sunansa na yanka, da sunan mahaifinsa, sannan sau da yawa a rufe da sunan gari ko unguwa, ka ji an ce Wurno ko Gwadabawa ko Tambuwal ko Sabon Birni. Irin wannan suna kusan kwatancen gida ne, musamman idan mahaifin yaron yana riƙe da sarauta, ko malami ne sananne, ko yana da shago a kasuwa, domin baƙo zai iya tsayawa a bakin tasha ya tambayi mai shayi, a haɗa shi da yaro ya kai shi har ƙofar gidan. Sannan ka tuna cewa sunan da ɗan wasa ya sa a asusunsa ba ya tsayawa a gasarka kaɗai. Idan yaro ya gama wasan gasar ya shiga fagen PUBG da daddare, inda ake zuba mutum har ɗari a wasa guda daga ƙasashe daban-daban, da wannan sunan zai shiga, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗancan mutane da ya turo maka nasa katin.

Sunan shi kaɗai ba shi ne dukan matsalar ba, abin da yake buɗewa ne. Ɗauki misalin yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya doke wani babba a wasa, babban ya fusata. Yana da sunan yaron a gabansa, sai ya nema a Facebook, ya tarar da hotonsa sanye da kayan makaranta da tambarin makarantar a ƙirji, ga hoton ranar Salla a ƙofar gida tare da motar mahaifinsa, ga 'yan'uwa sun yi masa addu'a a ƙarƙashin hoton kowa da nasa cikakken suna. Shi kuma wasan yana nuna lokacin da yaron yake kan layi, idan kuma ya buɗe makirufo ana jin muryarsa, ana jin ƙannensa suna kiran juna da suna, wani lokaci har muryar mahaifiyarsa tana aikensa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira asiri idan yana shi kaɗai, amma sunan ne zaren da ke ɗinke su wuri guda. A jihar da al'ummar Isa da Sabon Birni da maƙwabtansu suka daɗe suna fama da masu garkuwa da mutane, waɗanda kowa ya san da masu kai musu rahoto suke aiki, bai dace mu riƙa sauƙaƙa wa kowa sanin ɗan wane ne wannan da kuma inda yake kwana ba. Ko abin bai kai can ba, akwai damfarar da ta zama ruwan dare, wadda ake kiran uwa a waya a ambaci sunan ɗanta da makarantarsa, a ce ya yi haɗari yana asibiti a turo kuɗi maza, ita kuma jin an san sunan ɗan nata daidai shi ne ke sa ta gaskata.

Abin da kake shirin yi, wani babban kamfani ya taɓa gwada shi. A watan Yulin 2010 kamfanin Blizzard na Amurka, mai wasannin World of Warcraft da StarCraft, ya sanar cewa duk ɗan wasan da zai yi magana a zauren kamfanin sai da sunansa na gaskiya, kuma dalilin da ya bayar shi ne irin naka, wato a rage zagi da tsokana. Wani ma'aikacin kamfanin ya fito ya bayyana nasa sunan don ya nuna wa jama'a babu abin tsoro, sai ga shi cikin ɗan lokaci mutane sun tono adireshi da lambar waya da bayanan dangi da suka ce nasa ne sun baza. Kafin mako ya zagayo kamfanin ya janye shirin. Shi ma Google ya kafa irin wannan doka a 2011 a kan dandalinsa na sada zumunta Google+, ya yi ta fama da ƙorafi har ya soke ta a 2014.

Kada kuma a raina fushin wasa. A ranar 28 ga Disamban 2017, wasu 'yan wasan Call of Duty biyu a Amurka suka yi rigima a kan wasan da kuɗin da aka sa a kansa bai wuce dala ɗaya da rabi ba. Ɗaya ya sa wani mutum ya kira 'yan sanda ya yi ƙaryar cewa an yi kisa kuma ana tsare da mutane a gidan abokin rigimar tasa, a garin Wichita da ke jihar Kansas. Adireshin da aka bayar tsohon gidan ɗan wasan ne, 'yan sanda suka isa suka harbe magidancin da ke zaune a ciki, mutumin da ba shi da hannu a rigimar kwata-kwata. An yanke wa mai kiran ɗaurin shekara 20 a 2019. Abin da mai fushin ya nema don ya yi ɓarnar nan bai wuce kwatancen gida ba.

'Yan matan da ka ambata kuwa, ina ganin su ne za su fara ficewa daga gasarka. Yarinyar da ke wasa da laƙabin da ba ya nuna mace ce ko namiji tana buga wasanta a sake, amma ranar da sunanta da na mahaifinta suka bayyana, saƙonnin samari za su cika mata waya, kuma hoton allo ɗaya da wani mai neman fitina zai kai wa yayanta ko gidan da ake neman aurenta ya isa ya jawo mata maganar da ba ta ji ba ta gani ba.

Sai kuma tambayar da ta fi muhimmanci a gare ka, wato ko sunan gaskiya yana hana zagi. Ai kai shaida ne a kan Facebook, inda lokacin siyasa mutane ke zagin juna da cikakken suna da hoto da hula a ka, ko gezau. Bayan wasan ƙarshe na gasar cin kofin ƙasashen Turai a watan Yulin 2021, lokacin da aka yi wa 'yan ƙwallon Ingila Bukayo Saka da Marcus Rashford da Jadon Sancho zagin wariyar launin fata, kamfanin Twitter ya ce kashi 99 cikin ɗari na asusun da ya rufe saboda wannan zagin, ana iya gane masu su. Koriya ta Kudu ma ta mayar da abin doka a 2007, ta wajabta wa manyan shafukan intanet tantance sunan duk mai rubutu da lambarsa ta ɗan ƙasa. A 2011 masu kutse suka sace bayanan mutum kusan miliyan 35 daga manyan shafukan ƙasar Nate da Cyworld, a ƙasar da yawan jama'arta ke kusan miliyan 50, sannan a watan Agustan 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, tana mai cewa ba a ga wata raguwar a zo a gani a munanan rubuce-rubuce ba. Marar kunya da sunansa ma zai yi zagi, mai kunya da mai rauni su ne ke yin shiru.

Batun hoton kati shi ma ka sake tunani. Lambar NIN a yau tana haɗe da layin waya, tun umarnin da gwamnati ta bayar a watan Disamban 2020, kuma bankuna suna neman ta, saboda haka tara hotunan kati ɗari biyu a wayarka daidai yake da ajiye dukiyar mutane a ɗakin da ba shi da kwado. Waya tana faɗuwa, ana fizge ta a kan babur, ana barin ta wajen mai gyara a buɗe, yara suna ɗauka a gida. Kamfanin Sony da duk ƙarfinsa an kutsa masa a 2011 aka taɓa bayanan asusu kusan miliyan 77 na masu PlayStation, balle wayar hannu. Ta fuskar doka kuma, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin kada ya karɓi fiye da abin da yake buƙata, ya tsare abin da ya karɓa, kuma ya nemi izinin iyaye ko mai riƙo kafin ya karɓi na yaro. Da yawa daga cikin yaran sakandaren nan ma katin yayansu ko na mahaifinsu za su turo maka, ka ga ka ɗauki amanar mutanen da ba su san ka ba, kuma ba ka tantance kowa ba.

Abin da ke damunka a gaskiya shi ne wanda ka kora yana dawowa, kuma maganin wannan ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne tsayayye wanda ba ya sauyawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin Bahaushe ya saba da sakaya suna tun a gida, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma akwai ɗan dambe ko ɗan kasuwar da gari duka ya sani da inkiyarsa alhali ƙalilan ne suka san sunan da aka raɗa masa, amma yana kare mutuncin wannan inkiyar kamar ransa. Kowane asusu a waɗannan wasanni yana da lambar shaida ta dindindin wadda ba ta canzawa ko da mutum ya sauya sunan da ake gani. Da wannan lambar za ka yi wa mutum rajista, ka haɗa ta da laƙabi guda da lambar waya guda, ka rubuta a littafin da ke shagonka wanda kai kaɗai ke buɗewa. Sabon shiga kuma sai wani tsohon ɗan gasa ya tsaya masa, kamar yadda ake tsaya wa baƙo a kasuwa, idan ya yi laifi a rage wa wanda ya kawo shi maki, sannan kada a bar sabon asusu ya shiga gasar da ke da kyauta sai ya yi wasu makonni ana ganin halinsa. Wanda zai yi asarar matsayin da ya sha wahala ya gina, da kunyar wanda ya tsaya masa, zai fi kama bakinsa fiye da wanda aka rubuta sunan mahaifinsa a allo.

Idan ta kai ga ba da kyauta, wanda ya ci ya zo shago da kansa, ka duba katinsa da idonka ka mayar masa ba tare da ka ɗauki hoto ba, idan yaro ne ya zo da babbansa. Wanda ya wuce zagi ya kai ga barazana kuwa, ka adana hoton allon maganar tasa tare da lambar asusunsa, a kai wa 'yan sanda, kada ka baza sunansa don jama'a su hukunta shi. Ka kuma lura da rasit ɗin kuɗin shiga gasa, domin yana ɗauke da cikakken sunan mai biya, kuma a OPay da PalmPay lambar asusu galibi ita ce lambar wayar mutum da aka cire wa sifirin farko, saboda haka ka ce kowa ya turo maka nasa kai tsaye, idan ka tabbatar kuɗin sun shigo ka goge shi.