Ku Tambaya Mu Amsa: Jiragen Yaƙin Japan na Farko

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk daga Sakkwato da kewaye suka zo, kuma duk a kan batu guda: yadda Japan ta fara ƙera jiragen sama na soja. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun tambaye ni yaushe Japanawa suka fara tashi sama, kuma ko da jirgin da suka ƙera da kansu ne. Ina neman amsar da zan ba su. — Malamin sakandare, Mabera

Wa alaikumus salam, Malam. Saye suka yi. A 1910 rundunar sojan ƙasa ta tura hafsoshi biyu Turai su koyi tuƙi, su kuma sayo jirage. Kyaftin Yoshitoshi Tokugawa ya dawo daga Faransa da jirgin Henri Farman mai fiffike biyu, sama da ƙasa, shi kuwa Kyaftin Kumazo Hino ya zo da ɗan ƙaramin jirgin Grade na Jamus. Ranar 19 ga Disamba 1910, a filin faretin Yoyogi da ke Tokiyo, Tokugawa ya tashi na kimanin minti 4, ya yi tafiyar kilomita 3 a tsayin da bai wuce mita 70 ba. Wannan ce ranar da aka rubuta a hukumance. Idan kana son ɗalibai su auna zamanin, ka tuna musu cewa jiragen sojan Ingila na farko sun sauka a Kano ne a watan Nuwamba 1925, shekara 15 bayan haka.

Ba su daɗe suna jiran kayan waje ba. A Afrilu 1911 aka buɗe filin jirgi na Tokorozawa, kuma a Oktoban shekarar Tokugawa ya tashi da Kaishiki mai lamba 1, wanda aka haɗa a gida bisa fasalin Farman. Ƙashin jirgin katakon hinoki ne, itacen da Japanawa ke gina wuraren ibadarsu da shi, aka lulluɓe fuka-fukan da alharini ninki biyu da aka manne da ruwan roba. Injin dai daga Faransa ya zo. Ka riƙe wannan, Malam, domin shi ne bakin zaren labarin gaba ɗaya: jiki sun iya shi da wuri, inji ne ya daɗe yana ba su wuya.

Yaƙin farko da suka shiga da jirage shi ne na Tsingtao a 1914, tashar ruwan da Jamus ke riƙe da ita a gaɓar ƙasar Sin. Jirgin ruwan Wakamiya ya ɗauko jiragen Maurice Farman guda 4 masu sauka a kan ruwa. Da ƙugiya ake sauke su kan teku, su tashi daga nan, su yi leƙen asiri, su jefa ƙananan bama-bamai. Ɓarnar da suka yi kaɗan ce, amma ana lissafa su cikin hare-haren sama na farko da aka kai daga jirgin ruwa.

Ni makanike ne. Na ji an ce injin jiragen ga na farko, shi ɗungum ke juyawa tare da farfela. Mi yas sa anka yi shi haka, kuma ina anka zuba bakin mai? — Wani makanike, Runjin Sambo

Gaskiya aka faɗa maka, Oga. Injin Gnome da ke kan Farman da Kaishiki akasin wanda ka saba kwancewa ne. Karanshaf ɗin a ɗaure yake da jikin jirgi, ba ya motsi. Silinda 7 da aka jera kamar ƙafafun wili, su da akwatinsu da farfelar da aka ɗaure a jikinsu, su ne ke zagaya shi, kusan sau 1,200 a minti. Faɗin cikinsa lita 8 ne, amma ƙarfin doki 50 kawai yake bayarwa, abin da ƙaramar mota ke wucewa a yau.

Dalilin yin haka nauyi ne da zafi. Jirgin da gudunsa bai wuce kilomita 70 a awa ba, iskar da ke dukansa ba ta isa sanyaya inji, to sai aka sa silindojin su riƙa kaɗa wa kansu iska. Babu lagireto, babu ruwa, babu wilin daidaita juyi, domin injin da kansa ya zama wilin. Duka-duka nauyinsa bai fi kilo 75 ba. Adadin silinda kuma dole ya zama mara, don wuta ta riƙa tsallake ɗaya tana kama ɗaya: 1, 3, 5, 7, sannan 2, 4, 6.

Maganar bakin mai, babu kaskon da zai zauna a ciki, tunda komai juyawa yake. Karanshaf ɗin rami gare shi, ta nan fetur da iska ke shiga akwatin inji, su bi ta wani bawul da ke kan fistin su shiga silinda. Man shafawa ma ta nan famfo ke turo shi, ya shafi abin da zai shafa, ya fita ta wurin hayaƙi, ba ya dawowa. Da man ma'adinai aka zuba, da fetur ya tsinka shi ya wanke shi daga jikin ƙarfe. Shi ya sa aka yi amfani da man zurma, wanda wasu ke kira cika-gida, domin ba ya narkewa cikin fetur da sauƙi. Illarsa, idan inji ya huce sai ya daskare ya zama danƙo, ya riƙe zoben fistin da bawul, don haka kwance inji a wanke aiki ne na yau da kullum.

Inda ake samun matsala mafi muni wuri biyu ne. Bawul ɗin kan fistin idan ya maƙale a buɗe, wuta na iya komawa cikin akwatin da ke cike da tururin fetur. Sannan injin ba shi da totur na kirki. Matuƙin da ke son sauka maɓalli yake dannawa ya yanke wutar filogi, ya saki, ya sake dannawa. Idan ya daɗe yana danne, fetur da mai suna ci gaba da shiga, filogi ya jiƙe, ya saki maɓalli inji ya ƙi kamawa, ga ƙasa tana matsowa. Ƙara girman irin wannan inji kuma yana ƙara fizgar da yake yi wa jirgi a kwana, shi ya sa aka bar shi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Shin gaskiya ne Japanawa kwaikwayo kawai suka iya, ba su ƙirƙiri jirginsu ba? — Ɗaliba mai karatun injiniya, Arkilla

Malama, in ana maganar kafin 1930 ne, akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba su ɓoye ba. Da kuɗinsu suka sayi lasisi, suka ɗauko malamai. A 1919 tawagar Faransa ƙarƙashin Kanar Faure ta zo ta horar da sojan ƙasa, daga nan kamfanin Kawasaki ya shiga ƙera jirgin Salmson na Faransa, kamfanin Nakajima kuma ya ƙera Nieuport, shi ma na Faransa. A 1921 tawagar Ingila ƙarƙashin Sempill ta koyar da sojan ruwa a Kasumigaura. A wannan shekarar Mitsubishi ya ɗauko Herbert Smith, tsohon mai zanen kamfanin Sopwith, wanda ya zana musu jirgin da ya fara sauka a kan Hosho a 1923, jirgin ruwan da tun daga tushe aka gina shi don ɗaukar jiragen sama. Kawasaki ya riƙe Bajamushe Richard Vogt kusan shekara 10, kuma a hannunsa mai zanen jirage ɗan Japan Takeo Doi ya ƙware. Hatta injin Kotobuki na Nakajima, tushensa Jupiter ne na kamfanin Bristol.

Sai dai wanda ya tsaya nan bai ba da labarin duka ba. A 1932 sojan ruwa suka yanke shawarar cewa 'yan gida ne za su riƙa zane. Mitsubishi ya damƙa aikin jirgin faɗa ga Jiro Horikoshi, wanda bai cika shekara 30 ba. Gwajinsa na farko bai yi kyau ba, samfura biyun da aka ƙera duk sun faɗi, ɗaya jelarsa ce ta karye yana cikin nutso, ɗayan ya shiga juyin da aka kasa fitar da shi. Ba a kore shi ba, aka sake ba shi aiki, kuma a ganinmu wannan shawarar ta fi sayen kowane lasisi amfani. A Fabrairu 1935 sabon jirginsa ya tashi. An nemi gudun kilomita 350 a awa, ya yi kusan 450. Fiffike ɗaya ne mai ɗauke da kansa ba tare da wayoyi ba, jiki duk alminiyam, kuma an nutsar da kan kowane ribiti ya yi daidai da fatar jirgi don kada ya ja iska. Shi ne ya zama A5M, jirgin faɗa mai fiffike ɗaya na farko da ya shiga aiki a kan jirgin ruwa a duniya. Ƙafafunsa ba sa naɗewa, da gangan, don gudun nauyi. An taɓa rufe wa matuƙa kai da gilashi, suka ce yana tare musu gani, aka cire.

Me ya sa ake ce wa wani jirgi Zero, wani 96, wani 97? — Mai karatu, Bodinga

Shekara ce. A kalandar masarautar Japan ana ƙara 660 a kan shekarar Miladiyya, sai a ɗauki lambobin ƙarshe. 1936 ita ce 2596, jirgin da aka karɓa a shekarar ya zama samfurin 96. 1940 ita ce 2600, sojan ruwa suka ce sifili, wato Zero, sojan ƙasa suka ce 100. Tun farko da shekarun sarauta ake ƙirga, shi ya sa jirgin Smith na 1921 ya zama samfurin 10, shekara ta goma ta Sarki Taisho. A lamba irin A6M kuwa, wadda ita ce ta Zero, A na nufin jirgin faɗa na kan jirgin ruwa, 6 na shida a jerinsu, M kuma Mitsubishi.

An ce Zero ya fi kowane jirgi a zamaninsa, amma kuma an ce harsashi kaɗan ke cinna masa wuta. Yaya abu biyun za su haɗu? — Tsohon ma'aikaci, Gawon Nama

Baba, abu guda ne ya haifi duka biyun. A 1937 sojan ruwa suka nemi jirgi mai gudun kilomita 500 a awa, mai igwa biyu ta milimita 20, mai iya shafe awa 6 zuwa 8 a sama, kuma ya yi kwana kamar A5M. Nakajima ya duba ya janye. Horikoshi ya karɓa, alhali injin da ya samu daga baya, Sakae mai silinda 14, dokinsa 940 ne. Tunda ba a iya ƙara doki, sai a rage kaya.

An yi ƙashin fiffike da sabon haɗin alminiyam mai tutiya da kamfanin Sumitomo ya fitar a 1936. An huda ramuka a duk ƙarfen da zai jure, har kujerar matuƙi. Babu sulke a bayansa. Tankunan mai ba su da rufin ɗanyar roba, wadda idan harsashi ya huda ta fetur ya taɓa ta sai ta kumbura ta toshe ramin. Jirgin ya fito da kilo 1,680 ba kaya, yayin da Wildcat na Amurka ya haura 2,400. Da tankin ƙari na lita 330 da ake yarwa kafin faɗa, yana zuwa inda abokan gaba ba su zaci jirgin faɗa zai iso ba. Amma tanki idan ya hudu, tururin fetur ya haɗu da harsashi mai wuta, magana ta ƙare.

Rashin kaurin ya ci rayuka tun wajen gwaji. A Maris 1940 samfuri na biyu ya tarwatse a sama. Bincike ya nuna ɗan curin ƙarfen da ke daidaita faifan jela mai sa jirgi hawa da sauka ne ya karye, faifan ya shiga karkarwa, karkarwar tana ƙaruwa da gudu har jiki ya kasa ɗauka. A Afrilu 1941 Laftanar Shimokawa ya mutu a gwajin nutso bayan fiffike ya kama irin wannan karkarwa, aka ƙara kaurin fatar fiffike, aka kuma ƙayyade gudun nutso. Bayan Amurkawa sun tsinci wani Zero kusan lafiyayye a tsibirin Akutan a 1942, sun tabbatar cewa faifan bakin fiffikensa, wanda ke karkata jirgi a kwana, na yin tauri idan gudu ya yi yawa. Daga nan aka ja kunnen matuƙansu: kada ku yi kokawar kwana da shi, ku faɗo masa daga sama, ku harba, ku wuce.

Wani abin da ke nuna halin masana'antar lokacin: babu filin tashi a ma'aikatar Mitsubishi da ke Nagoya, don haka a amalanken shanu aka ja samfurin farko, tafiyar fiye da kilomita 40 zuwa Kagamigahara, inda ya tashi ranar 1 ga Afrilu 1939.

Kakana ya je yaƙin Bama, yakan ce jiragen Japan sun sha bi ta kansu. Ko Zero ne? — Mai karatu, Wurno

Allah Ya jiƙan magabata. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a yankin Arakan a 1944 da 1945, kuma jiragen Japan da ke shawagi a sararin Bama na sojan ƙasa ne, Zero kuwa na sojan ruwa ne. Mafi rinjaye abin da ya gani shi ne Nakajima Ki-43, wanda Japanawa ke kira Hayabusa, wato shaho. Turawan Ingila ma sun sha ruɗa su, domin injinsu ɗan gida ɗaya ne, kuma daga nesa surarsu kusan guda. Idan ka samu hotunansu, duba fiffike: Zero na da bakin igwa a kowane ɓangare, Hayabusa ba shi da komai a nan, bindigoginsa biyu ne kawai a saman hanci, suna harbi ta tsakanin farfela. Jikinsa kuma ya fi sirantaka daga bayan matuƙi zuwa jela. Irin wanda ke yawo a 1944 an riga an sa masa farantin sulke na milimita 13 a bayan kujera da ɗan rufin roba a tankuna.