Gyaran murya da kayan sauti na kyauta a ɗakin haya a Jidda

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kayan gyaran sauti na kyauta za su wadatar wajen fitar da muryarka tas, alhali a ɗakinka na Jidda kake ɗauka. Za su wadatar. Ka ɗauka da Audacity, manhajar ɗaukar sauti da gyara shi, ka bar ƙololuwar sautin tsakanin -12 da -6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), ka sa TDR Nova, wani ƙarin kayan tace sauti, ya yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), sannan ka matse muryar kaɗan da ReaComp, wani ƙarin kayan matse sauti, don ƙarfinta ya daidaita.

Sharaɗin shi ne ka kashe na'urar sanyaya ɗaki kafin ka fara, duk da na san zafin Jidda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Wutar lantarkin Saudiyya tana gudana a kan 60 Hz, kuma gunjin da take sa na'urar ta yi yakan sake bayyana a 120 da 180 Hz, inda kaurin muryar namiji yake, don haka yankan 80 ɗin ba zai kawar da shi duka ba. Na taɓa dogara da rage hayaniya na Audacity don in share shi, sai muryata ta fito kamar daga cikin randa nake magana. Tun daga nan bayan sallar Asuba nake ɗauka, na'urar a kashe, na rataya bargo a bayana.