Filin Tambaya da Amsa: Jirgin Wasana Yana Gajiya Idan Ya Yi Nisa

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa. Ni tsohon malamin makaranta ne a Daura. Ɗana ya aiko mini da ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, ajin HO (wani ajin girma ne na jiragen wasa), mai na'urar DCC, wato akwatin da ke tura wa jirgin wuta da umarni ta ƙarfen layi. Da muka ga ana ta aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa garinmu, sai ni da jikokina muka sa kafinta ya yi mana tebur mai tsawon mita 4 da faɗin mita 2, muka shimfiɗa layi ya zagaye shi. To, jirgin yana gudu lafiya kusa da na'urar, amma idan ya kai can ƙarshen tebur sai ya riƙa jan jiki, wani lokaci ya tsaya cik. Kuma tun da na ƙara wata kwana da ke juyo da shi ya dawo kan layin da ya fito, na'urar take ta kashe kanta. Injin ne ya lalace? Daga wani mai karatu, Daura.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Injinku lafiyarsa ƙalau, ina kyautata zato. Wuta ce ba ta isa inda yake.

Na tabbata wayoyi biyu kawai kuka jona a wuri guda, kuka bar ƙarfen layin ya kai wutar ko'ina. A ɗan zagayen da ke zuwa cikin kwali hakan yana yi. A tebur irin naku kuwa ba zai yi ba. Ƙarfen layin ba ya ɗaukar wuta kamar wayar tagulla, sannan 'yan maƙalan da ke haɗa gaɓa da gaɓa suna sakwarkwacewa, datti ya shige su. Wutar kan layin HO a tsarin DCC ba ta wuce volt 14 zuwa 16 ba, to idan kowace mahaɗa ta ɗan ci nata, me zai rage a ƙarshen tebur?

Maganin yana ƙarƙashin teburin. Ku je wurin masu kayan wuta ku ce a ba ku waya mai 2.5, irin wadda ake ja wa soket a gida, ja da baƙa. Ku ja su biyun daga na'urar, su bi ƙarƙashin katako daidai inda layin yake bi a sama. Daga nan sai ku huda ƙananan ramuka a gefen layi, kusan kowace mita ɗaya, ku zuro siririyar waya mai 0.5, gajera, kada ta wuce kamu ɗaya da rabi. Kanta ɗaya a liƙe shi da dalma a gefen ƙarfen ta waje, don kada ƙafar jirgi ta yi karo da shi, ɗayan kuma a jikin babbar wayar. Kamar dai babban bututun ruwa ne a bakin titi, kowane gida ya ja nasa ƙarami. Ni ra'ayina, kowace gaɓar layi a ba ta wayarta. Aiki ne mai sa ciwon baya, amma sau ɗaya ake yinsa. Idan hannunku bai saba da dalma ba, ku kira mai gyaran rediyo, ku gargaɗe shi kada ya daɗe da ɗora zafi, domin robar da ke riƙe da ƙarfen saurin narkewa gare ta.

Ku tsayar da doka tun farko: ja ta ƙarfen waje, baƙa ta ƙarfen ciki. Ku ɗora tarago ɗaya, ku manna masa jan tef a gefe guda, ku riƙa tura shi kuna duba kafin kowace liƙi.

Wannan tarago shi zai nuna muku matsalarku ta biyu. Ku tura shi ya shiga kwanar nan, za ku ga ya dawo jan tef ɗin yana ɗaya gefen. Wato ƙarfen ja ya zagayo ya haɗe da baƙi, na'urar kuwa tana kashe kanta ne don kada ta ƙone. Sai ku raba kwanar da sauran layin, ku yanke ƙarafan biyu a mashiga da mafita, ku sa maƙalan roba. Dole tsawon wurin da kuka ware ya fi jirginku mafi tsawo, da kan jirgin da taragansa. Sannan a ba shi wuta ta wata 'yar na'ura mai juya wuta da kanta, wadda aka yi don wannan aikin. Ku sa ɗanku ya aiko da ita. Kafin ta iso, ku cire kwanar.

Idan kun gama, ga gwaji. Turawa kwabo suke ɗorawa a kan ƙarafan biyu. Mu da kwabo ya zama tarihi, mukulli ma ya isa. Ku ɗora shi a wuri mafi nisa, na'urar ta yanke wuta nan take. Idan ta yi jinkiri, wayoyin wurin ba su isa ba, kuma hakan na iya narka wani abu wata rana.

Ku duba rubutun jikin cajar na'urar. Kayan Amurka da yawa volt 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce, don haka idan cajar ta 120 ce kawai, kada ku jona ta kai tsaye. Ku sa stabilaiza, musamman idan da janareta kuke. Wayar wutar gida kada ta bi ƙarƙashin teburin nan ko kusa, tunda jikoki za su riƙa rarrafe a wurin.

Sai ƙurar hunturu. Ku riƙa rufe teburin da zani, ku goge layin da tsumma da ɗan sifirit. Ban da sanfefa, tana karce ƙarfen ya ƙara kama datti. Kuma ku bar ɗan tsaga kamar kaurin kati a wasu mahaɗun, domin zafin Afrilu da Mayu yana miƙar da ƙarfe har layin ya karkace.