Amsa ga mai son mayar da injin Chevy 350 ya koma 383

Malam, ka ce kana da tsohuwar Caprice mai injin 350, an ba ka shawarar ka yi mata sitiroka, wato a ƙara wa fistin nisan tafiya, ta koma 383, kana tambayar ƙarfin doki nawa za ka samu. Na daɗe ina wannan aiki a wani gareji a Jidda, inda Caprice da Suburban suka fi ƙarfin ƙirge, don haka bari in faɗa maka abin da hannuna ya taɓa.

Injin 350 faɗin silindarsa inci 4 ne, fistin kuma yana tafiyar inci 3.48 daga sama zuwa ƙasa. Sai a sa masa karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, mai tafiyar inci 3.75, irin na injin 400 da Chevrolet ta fito da shi a 1970, a kuma rarake silinda da inci 0.030. Shi ke nan, girman cikin injin ya tashi daga 350 zuwa 383, wato lita 5.7 ta koma 6.3. Ƙarin bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Idan injinka na ba da doki 300, ba ka taɓa komai ba sai karanshaf da fistin, kada ka sa rai da fiye da 330, wataƙila ma ba za ka kai ba. Waɗanda kake ji suna haura doki 400, tof (murfin saman silinda) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) da salansa ne suka kai su can. Injin da aka ƙara wa ciki amma aka bar masa tsohon tof, kamar ƙato ne mai numfashi ta tsinken zuƙar lemo.

Ribar gaskiya tana ƙasa-ƙasa, wajen ƙarfin murɗawa. Kana tsaye a danja, ka ɗan taɓa totur, ka ji kujera ta dafa maka baya tun injin bai yi ihu ba. A ganina don wannan kaɗai aikin ya cancanci kuɗinsa, musamman a mota mai nauyi irin taka.

To ga inda ake kuka. Tunda karanshaf ya ƙara faɗin zagaye, kan konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, yakan taɓa gindin silinda da gefen bulok, wani lokaci har da kamshaf. Na farkon da na haɗa, ina yaron shago, na ɗaura komai na juya da hannu na ji ya wuce, na ce alhamdu lillahi. Maigidana ya zo ya haska tocila, ya nuna mini wani ɗan zane mai ƙyalli a jikin bulok, bai fi tsawon farce ba. Kan noti ne ke shafar wurin. Ya ce, “Yaro, a sanyi ke nan. In ya yi zafi fa?” Kwana biyu na yi ina kwancewa, ina gogewa, ina wankewa, ina sake ɗaurawa, silinda bayan silinda, har sai da ko'ina ya sami sarari kamar inci 0.050. Kada ka bari bakanikenka ya tsallake wannan, ko da ya rantse maka.

Sai daidaita nauyi. Karanshaf ɗin 400 na asali daga waje ake daidaita shi, dole sai da falaiwil da damfa irin nasa, wato faya-fayan ƙarfen da ake ɗaurawa a bayan karanshaf da gabansa. Ka sa na 350, motar za ta riƙa rawa har ta cinye mental, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu. Karanshaf na kamfanin Scat ko Eagle da ake sayarwa yanzu akwai iri biyu, mai daidaito daga waje da mai daidaito daga ciki, ka tambaya kafin ka biya, kuma a kai shi awo tare da fistin da konrod ɗin da za a sa. Ni konrod mai inci 5.7 ko 6 nake sawa, ba na sa gajeren nan na 400 mai 5.565.

Matsi, wato yadda fistin ke matse iska da fetur, ma yana tashi da kansa: injin da matsinsa ke kan 9 zai tasam ma 9.7 idan sararin ƙonewa bai canja ba. In fetur ɗin garinku ba mai kyau ba ne, ka sayi fistin mai kwarmi a ka, in ba haka ba za ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani duk sanda ka hau tudu.

Kafin ka sayi komai, duba lagireto da giyarka, don tsohuwar giya ita ce ke fara sallamawa. Turo mini lambar da ke jikin bulok da ta tof, in gaya maka ko sun cancanci a kashe musu kuɗi.