Aikin zuciya ga mai raunin laka: wane bawul, wace katifa?

Tambaya: Maigidana ya yi hatsarin moto shekara 6 da suka wuce, lakarsa ta taɓu wajen kafaɗu, yana kan keken guragu. Yanzu lokotoro a Yamai ya ce sai an canza masa bawul ɗin zuciya, mu zaɓa tsakanin na ƙarfe da na nama. Wanne ya fi, kuma me zan saya kafin mu taso daga Tahoua?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Na ƙarfe yana da ƙarko, amma sai ya sha maganin tsinka jini, irin su Sintrom, har ƙarshen rayuwa, ana awon INR (gwajin da ke nuna yadda jini ya tsinke) a kai a kai. Ga mai robar fitsari, hakan na iya jawo zubar jini. Na nama (akwai na saniya, in na alade ne ke damunki) yakan kai shekara 10 zuwa 15, kuma yana saurin lalacewa a jikin mai ƙarancin shekaru. Ki gaya wa lokotoro shekarunsa, da ko za ku iya jurewa zuwa awon.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ƙashin ƙirji. Raba shi ake yi, sai ya yi sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, shi kuwa hannuwansa su ne ƙafafunsa. A wannan tsakani ba tura keke, ba dogarawa ya ɗaga kansa daga gado, don kada wayar ƙarfen da aka ɗinke ƙashin da ita ta saki. Ki tanadi ƙarti biyu masu ɗaga shi da zanen gado, kada su kama shi ta hamata.

Ki sayi na'urar awon tansiyo ta damtse. Mai rauni daga T6 (gaɓar ƙashin baya da ke daidai tsakiyar ƙirji) zuwa sama, kamar maigidanki, jininsa yakan zauna ƙasa, lambar sama ta awon wajen 90 zuwa 110. In mafitsara ta cika ko bayan gida ya ƙi fita, sai ya haura farat ɗaya, da saran kai da zufa a fuska. Ƙarin 20 zuwa 40 a kan abin da ya saba haɗari ne: a zaunar da shi, a sassauta tufafi, a duba ko robar ta lanƙwashe, a kira lokotoro. Mai ba da allurar barci ma ya san da raunin tun farko, domin suxamethonium, maganin sassauta tsoka da ake bayarwa wajen aiki, na iya tsayar da zuciyar masu raunin laka.

Katifar iska tana rage gyambon kwanciya, sai dai in wuta ta ɗauke ta sace. Ki haɗa da ta soso mai kauri, a riƙa gyara masa kwanciya duk awa 2.